Daga Mazari Zuwa Keken Ɗinki

Malaman tafsiri da masu ba da ƙissoshin annabawa sun ruwaito cewa Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya yi rubutu da alƙalami, kuma shi ne farkon wanda ya ɗinka tufa da allura, alhali mutanen da suka gabace shi fatu suke ɗaurawa. Ko da yake ruwayar ba ta cikin abin da aka wajabta wa musulmi ƙudurtawa, ta isa ta nuna irin darajar da magabata suka ba ɗinki, tun da suka gama shi da rubutu a hannun mutum guda. A ƙasar Hausa kuwa gamin nan ya tabbata a zahiri, gama shekaru aru-aru allura a hannun maza take, galibinsu malamai da almajirai, mace kuwa babban rabonta cikin sha'anin tufafi shi ne kaɗi. Wanda ya dubi unguwanninmu na yau, inda da wuya mutum ya ratsa lungu bai ji ƙarar keke daga bayan katanga ba, sai ya zaci haka abin yake tun fil'azal, alhali kuwa ɗinkin mata a cikin gida sabon al'amari ne, kuma babban sanadin da ya kawo shi shi ne arahar yadi, wadda ta karɓe wa mata wata sana'a kafin ta miƙa musu wata.

Matar aure ta zamanin da, idan ta sallami girki ta kawar da ƙore, sai ta jawo taskirarta. Audugar da aka ɗebo daga gona ita za ta gurje ta a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe har angurya ta fita, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sa'an nan ta dangwali alli a yatsa don kada zare ya zame mata, ta murza mazari. In zaren tsaye take so ta ja shi siriri mai ƙarfi, in abawa ce ta bar shi da kaurinsa. Da rana a inuwa, da dare a gaban fitilar aci-bal-bal, ana hira da kishiyoyi da maƙwabta hannu bai tsaya ba, har ran kasuwa ta zagayo a ba wata tsohuwa ko yarinya ta kai wa masaƙa. Abin da aka samo nata ne halak malak, miji ba shi da ta cewa a kansa, domin shari'a ta tabbatar wa mace dukiyarta. Da shi take tara wa 'yarta tasoshi, da shi take rama wa ƙawarta biki, da shi kuma take rufa wa kanta asiri ran da hannun maigida ya gaza.

Daga hannun mata zare ya wuce ga masaƙa, daga masaƙa ya wuce ga marina da mabuga, Kano kuwa ita ce cibiyar wannan fatauci tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi. Karofin Ƙofar Mata a cikin birni, da na garin Kura inda ake rina turkuɗin nan mai walƙiya da Buzaye ke naɗawa, su suka sa sunan Kano ya kai inda ƙafar Bakano ba ta taɓa takawa ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya shigo birnin a 1851 a zamanin Sarki Usman, ya tarar ana kai tufafin Kano har Gat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cewa Tumbutu kaɗai takan karɓi kayan raƙumi 300 a shekara. Amma a cikin Kurmin nan ya ga yadin Manchesta, ya ga allurai daga birnin Nuremberg, duka an ƙetaro da su hamada. Watau abin da zai raunana sana'ar daga baya ya riga ya iso, sai dai tsadar ɗaukar kaya a bayan raƙumi ta ɗaure masa hannu.

Saƙar maza siririya ce, faɗinta bai wuce 'yan yatsu ba, saboda haka kafin a sami babbar riga guda sai an jera gomiyoyin ƙyallaye an haɗa su gefe da gefe da allura, kuma a nan ne mai koyo yake fara darasinsa. Almajiri, in an tashi daga karatun safe, sai ya zauna a zaure kusa da babban ɗalibi, a fara koya masa zura zare a kafar allura da riƙon ƙyalle a kan gwiwa, sa'an nan a ba shi haɗi. In taku ya yi tazara, ko wani ya fi wani tsawo, sai a warware a gabansa a ce ya sake, ba faɗa ba rarrashi. In hannunsa ya faɗa sai a ba shi kalmasa, daga nan cin wuya da aljihu, ba ya isa ga aikin gaban riga, irin su aska biyu da aska takwas da tambari, sai bayan shekaru. Zanen aikin kuwa malami ne ke fitar da shi da alƙalami da tawada, kafin a bi shi da zaren tsamiya, a yi wa rigar shafi da alharini. Zariya da Bida sun shahara da irin wannan aiki, riga ɗaya takan ci watanni. Ba abin mamaki ba ne ma'abuta ilmi su ƙaunaci wannan sana'a, domin tsarkakakkiya ce ba ta taɓa najasa, a zaune ake yin ta, tana barin harshe ya yi tilawa, tana kuma kare mutum daga ƙasƙancin roƙo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a cikin risalar siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lasafta maɗinka da marina cikin masu sana'ar da ya wajaba ga shugaba ya kula da su.

Tufar da ta bi ta hannuwa masu yawa haka, lalle ta yi tsada. Riga dukiya ce, ana lasafta ta cikin rabon gado, sarakuna suna saka wa barorinsu da ita, talaka kuwa mai riga ɗaya ta zuwa masallacin Jumma'a ya gode Allah, sauran kwanaki bante da walki sun wadatar da shi a gona. Suturar mata, watau zane da gyauto da mayafi da kallabi, ba ta bukatar yanka ko awo, don haka ɗinkin cikin gida bai wuce maho da gyaran baki ba, wanda shi ma ba abin kunya ba ne, tun da ya inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan gyara tufarsa da hannunsa. Mai neman araha a wancan zamani hanyarsa ita ce dillalai, masu yawo a kasuwa da riguna a kafaɗa, da yawan rigunan tsofaffi ne da aka mayar karofi aka sake bugawa har suka yi kamar sababbi, matan kulle kuwa dillaliya ke bin su gida gida da ƙunshinta. Saboda yawan ruɗin da ke cikin irin wannan ciniki ne malamai suka dage kan babin saye da sayarwa na Risala da Muhtasar, inda aka haramta algus da ɓoye aibi da najashi, watau mutum ya ƙara tayi ba da nufin saye ba sai don ya yaudari wani, aka kuma ba mai saye haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai shamakin da hamada ta yi ya faɗi. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka sani da BCGA, da aka kafa a 1902, ta sa rai ƙasar Arewa za ta ciyar da masaƙun yankin Lankasha na Ingila, har ta kafa injin gurza a Zariya. Amma da fari masaƙan Kano sun fi ta tayi mai tsoka, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, don haka saƙar gida ba ta faɗi farat ɗaya ba, ta yi shekaru tana kokawa. Sai dai kantunan John Holt da GBO da PZ da CFAO, da UAC wadda aka haɗa a 1929, da Kwarori 'yan Siriya da Lebanon da suka zauna a Fagge, sun yi ta zubo akoko da alawayyo da zaren inji, ga kuma atamfa, wadda asalinta kwaikwayo ne na zanen mutanen tsibirin Jawa, ana buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan da kuma wajen Manchesta. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa da kaka yakan fito daga wurin awo ya faɗa kanti, ya yanki akoko mai faɗi da kuɗin da ba zai saya masa rabin saƙar gida ba. Wadda ta fara jin jiki ita ce makaɗiya, domin masaƙi da kansa ya gane zaren kanti ya fi sauƙi da daidaito. Sannu a hankali mazari ya koma hannun tsofaffi, matan aure suka karkata ga matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa.

Keken ɗinki shi ma bai shigo duniya cikin lumana ba. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar nasa a 1830, ya jera guda 80 a birnin Faris yana ɗinka kayan soja, sai teloli 'yan'uwansa, don tsoron kada abincinsu ya ƙare, suka auka wa wurin suka farfasa su. A Amurka Elias Howe ya fito da nasa a 1846, Isaac Singer kuma a 1851, kamfanin Singer ɗin ne kuwa ya gane cewa babbar kasuwa tana cikin gidaje, ya ɓullo da sayarwa bashi ana biya kaɗan kaɗan, ya kuma gina ƙatuwar masana'anta a Clydebank ta ƙasar Sikotlan cikin shekarun 1880, inda mafi yawan kekunan da suka zo ƙasashen da Ingila ke mulki suka fito. A Arewa keke ya biyo jirgin ƙasa, ya fara zama a hannun baƙi mazauna Sabon Gari, amma ba a daɗe ba Hausawa suka karɓe shi, teloli suka jeru a barandar kantuna, mutum ya yanki yadi a ciki ya miƙa a waje. Yadi mai faɗi ba ya bukatar haɗi, keke kuma yana gama jamfa da wando kafin maɗinkin zaure ya kai rabin hannun riga, ga kayan 'yan doka da na ma'aikatan En'e da na 'yan makaranta suna jira. Abin da ya rage wa allurar hannu shi ne aikin riga da hula.

Shigar keke ɗakin mata kuwa ta zo ne ta ƙofofi da dama. Ta farko ita ce canjin sutura, domin tun da mata suka bar ɗaurin ƙirji suka ɗauki riga a kan zane, sai tufarsu ta bukaci awo, miji mai kishi kuwa ba ya yarda namiji ya ɗora wa matarsa tef, sai dai a aiki yaro da tsohuwar riga a ce a yi kamarta, in ta dawo ta matse ko ta yi ɓurum a haƙura. Mace mai keke a maƙwabta ta warware wannan mushkila gaba ɗaya. Ta biyu ita ce makaranta, gama tun daga makarantun 'yan mata na farko da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930 aikin allura yana cikin darussa, cibiyoyin koyar da mata sana'a suka biyo baya, suka ƙara yawa da shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987. Ta uku ita ce arahar keken kansa, musamman da Butterfly ɗan Shanghai ya shigo, wanda mace kan iya mallaka da kwasar adashi ɗaya, ko uba ya sa wa 'yarsa cikin kayan ɗaki. Daga wajen shekarun 1970 matan Birnin Zariya suka shiga ɗinkin hula da aikin riga, wanda a da sai maza. Yaɗuwar makarantun Islamiyya da hijabi daga shekarun 1980 ta ƙara buɗe wa masu keke a gida kasuwar da ba ta yankewa.

Ƙa'idar koyo ba ta canja ƙwarai daga ta zaure ba. Yarinyar da aka kai wa maɗinkiya ba a ba ta yadi ran farko, sai a zaunar da ita ta yi ta taka keke ba zare, har ƙafarta ta san yadda za ta hana shi juyawa da baya, domin juyawar nan ita ke tsinke zare ta cukuikuye ƙoshiya. Daga nan a ba ta takardar buhun siminti da aka ja wa layi, ta bi layin da allura, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, sa'an nan a yarda ta taɓa ƙyallayen da suka zuba a ƙasa, ta koyi kalmasa da tattara da sa aljihu. Ɗinkinta na farko yakan zama rigar filo, ko fatari, ko hijabin yara, abin da in ya ɓaci asarar ba ta da yawa. Almakashi kuwa shi ne na ƙarshe da ake miƙa mata, saboda ɗinki in ya karkace ana warwarewa, yanka kuwa ba ya komawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu shugabannin Arewa suka ga bai kamata ƙasar da ke noma auduga ta riƙa sayo akoko daga ƙetare ba, saboda haka gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Lankasha aka buɗe masaƙar Kaduna, KTL, a 1957, sa'an nan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, har unguwar Kakuri ta Kaduna ta cika da ma'aikata dubbai, Kano da Gusau da Funtuwa ma suka sami nasu. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta taimaka wa Hausawa suka gaje rumfunan Kwarori a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, wadda ta zama matattarar masu sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Amma tun daga karyewar darajar naira a 1986, da tsadar kayan gyaran inji, da rashin tsayayyar wutar lantarki, da ɗage hanin shigo da yadi a 1997, ga kuma fasa-ƙwaurin kayan Sin ta Kwatano da iyakar Nijar, masaƙun nan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya: KTL a 2002, UNTL a 2007. Abin da Manchesta ta yi wa makaɗiya, shi Sin ta yi wa ma'aikacin Kakuri.

Ilmin sayen yadi da araha, wanda mata masu keke suka ƙware a kansa, a cikin wannan yanayi ya girma. Mai tattali ba ta shiga Kwari cikin azumi, lokacin da kowa ke neman kayan Salla, sai tun Rajab ko bayan Salla in kasuwa ta yi sanyi. Takan haɗa kuɗi da 'yan'uwanta su yi sari su raba, ta tambayi guntayen da suka rage a ƙarshen yanka, ta leƙa Ƙofar Wambai ta zaɓi zannuwan gado da labulen gwanjo masu ƙwari waɗanda za su fitar da kayan yara. In ta ɗauki turmi sai ta murza gefensa tsakanin yatsu ta ga ko sitaci ne ya ba shi nauyi, ta jiƙa bakinsa ta goga a farin ƙyalle ta ga ko yana zuba, ta juya bayansa, gama atamfar kirki ciki da waje ba su da bambanci. In ta yi shakka ta zare zare ɗaya ta kai shi ga wuta, auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Sa'an nan ta ce, "Alhaji, nawa za ka bar mini?" ya ce, "Hajiya, taya mana," ta taya, ya ce albarka, ta ɗan ƙara, ta yi kamar za ta wuce, ya ce ta kawo, kafin a naɗe kuwa sai an auna a gabanta ta tabbata yadi shida ne cif, in ta je gida kuma sai ta wanke shi kafin ta yanka, domin auduga takan tsuke. Duk da haka ta san abin da magabata suka faɗa, cewa araha ba ta ado, kuma yadin da zai koɗe a wanki biyu ya cinye kuɗinsa har da wahalar ɗinkinsa.

Ba daidai ba ne a la'anci araha, gama sutura wajibi ce, kuma ita ce ta sa ɗan talaka yau yake fita idi da sabon kaya, abin da kakansa bai samu ba sai nadiran. Amma wajibi ne kuma a yi hisabin abin da aka biya. A da tufa takan ciyar da manomi da makaɗiya da masaƙi da marini da mabugi kafin ta iso ga maɗinki, yau kuwa cikin wannan silsila maɗinki ne kaɗai ya rage da ƙarfinsa, shi ma ga abayoyi da kayan yara ɗinkakku suna shigowa dila dila suna neman gurbinsa. Saboda haka wadda ta zauna gaban keke yau tana koyon taku, ta sani ba za ta iya yin tsere da masana'antun Sin wajen sauƙin kuɗi ba, kamar yadda kakarta ba ta iya da na Lankasha ba. Abin da ke hannunta, wanda baƙo na nesa ba shi da shi, shi ne sanin jikin mai kaya, da kyautata aiki ciki da waje, da mayar da ragowar yadi ga mai shi, da cika alkawarin ranar karɓa, musamman a daren Salla, inda teloli da yawa suka zubar da mutuncinsu. Da waɗannan ne sana'ar za ta zauna a gidan da ta shiga.